Me ya sa tsofaffin finafinan ban tsoro na kuɗi kaɗan suka fi zama a rai?

Ɗan Tsakar Dare ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka riga ni sanin tsofaffin finafinai, amma ku yi haƙuri, sai na ɗan yi shimfiɗa kafin in kai gare ta.

Tun ina yaro nake kallon finafinan ban tsoro, har na kai ba abin da ke girgiza ni. Na san inda kiɗa zai ɗauke, na san daga nan wani abu zai faɗo daga bayan ƙofa da ƙara mai fasa kunne. Sai in zabura, in kashe, in yi barcina lafiya lau. Makon jiya kuwa, wajen ƙarfe ɗayan dare, barci ya ƙi zuwa, ina ta lalube a YouTube sai na ci karo da wani fim baƙi da fari na 1962, sunansa Carnival of Souls. Na ce bari in ga minti goma. Yau kwana takwas ke nan bai fita daga kaina ba.

Labarin ba shi da yawa. Wata budurwa ce, Mary, mai kaɗa ogan, babban abin kiɗan nan na coci mai bututu. Motar da suke ciki da ƙawayenta ta faɗa kogi daga kan gada. Ana ta nema, can bayan sa'o'i sai ga ta ta fito ita kaɗai, jikinta duk laka. Ta tattara kayanta ta nufi jihar Yuta ta Amurka inda ta samu aiki a wani coci. A hanya da dare rediyon motarta ya daina kama komai sai kiɗan ogan. Ta waiga gefe, a gilashin taga, inda ya kamata ta ga fuskarta, sai ga fuskar wani mutum fari fat, zagayen idonsa baƙi. Bai yi ihu ba, bai kai mata hannu ba. Ido kawai ya zuba mata.

Wurin da ya fi kama ni ma babu fatalwa ko ɗaya a cikinsa, kuma da rana tsaka ne. Ta shiga kanti gwada riga, fitowarta daga ɗakin gwaji sai duniya ta yi tsit. Tana yi wa mai sayarwa magana, matar ba ta ma san tana wurin ba. Ta fita titi, jama'a na kai-komo, motoci na wucewa, ba ka jin komai sai ƙwas-ƙwas ɗin takalminta. Sai da ta kai wani lambu ta dafa bishiya, tsuntsu ya yi kuka, sannan sauti ya dawo. Wallahi a nan sai da na cire iyafis na kasa kunne ga ƙarar fankar ɗakina, sannan hankalina ya kwanta.

Da gari ya waye na bi diddigin waɗanda suka yi shi. Daraktan, Herk Harvey, ma'aikaci ne a kamfanin Centron da ke garin Lawrence a jihar Kansas, masu shirya gajerun finafinan koyarwa na makarantu da masana'antu. Yana komowa daga Kalifoniya a mota ya hango Saltair, wani tsohon wurin shaƙatawa a bakin babban tafkin gishiri na Yuta, an rufe shi, ruwa ya janye ya bar shi tsaye kan ƙafafun katako. Ginin ne ya fara zuwa, daga baya abokin aikinsa John Clifford ya rubuta labarin da zai kai mu can. Kuɗin da suka kashe kimanin dala 33,000, ɗauka kuma mako uku. Mutumin mai farar fuska ma daraktan ne da kansa. Shi ne dogon fim ɗaya tilo da ya kammala a rayuwarsa.

To ga tambayar. Mene ne a cikin irin wannan fim da ke shiga jiki ya zauna, alhali na yanzu da aka zuba wa miliyoyi, da an kunna fitila shi ke nan? Rashin kuɗin ne ya jawo, ko kuwa ni ne na kalle shi a lokacin da zuciyata ke a buɗe? Kuma in da irinsa, wanne zan bi da shi?

Kawu Majigi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, barka da zuwa. Ba dare ne ya ruɗe ka ba. Na kalli wannan fim da safe, na kalle shi da yamma, na fi sau goma, kuma har yau idan matattun nan suka fara rawa a zauren Saltair tsigar jikina sai ta tashi. Ginin ma gobara ta cinye shi a 1970, saboda haka abin da ka gani a fim ɗin hoton wurin da babu shi ne a duniya yanzu.

Amma in kana son sanin tushen wannan salo, sai ka koma baya shekara 20, wurin wani furodusa mai suna Val Lewton. A 1942 kamfanin finafinai na RKO na cikin matsin kuɗi, finafinan darakta Orson Welles biyu ba su mayar musu da jari ba, ga kamfanin Universal na ta kwasar riba da dodanninsa. Sai suka ɗauko Lewton suka gindaya masa sharuɗɗa uku: kada fim ya wuce dala 150,000, kada ya wuce minti 75, suna kuma su ne za su zaɓa, shi ya nemo labarin da zai hau kai. Sunan farko da suka miƙa masa shi ne Cat People. Abin da suke jira su gani mace da kan kyanwa tana yagar mutane.

Shi da darakta Jacques Tourneur da mai ɗaukar hoto Nicholas Musuraca sun san in suka sa wa ɗan wasa rigar gashi da farata na roba, dariya za a yi. Dole uwar na ƙi. Sai suka ɓoye dodon a inda ba a biyan ko sisi, wato cikin duhu. Labarin wata 'yar ƙasar Sabiya ce, Irena, da ta yi imani in kishi ko sha'awa ta motsa mata za ta rikiɗe ta zama baƙar damisa. Akwai wurin da abokiyar aikin mijinta, Alice, ke tafiya ita kaɗai da dare a gefen wata doguwar katangar dutse. Fitilun titi nesa da juna, ta shiga haske, ta shiga duhu, ta sake shiga haske. A bayanta kana jin takun wata mace. Can sai takun ya ɗauke. Wannan ɗaukewar ita ce masifar, domin mai takalmi ba ya daina ƙara sai in ya tsaya, ko kuma in ƙafarsa ta daina zama ƙafar mutum. Alice ta ƙara sauri, tana waige. Sai ka ji wani huci kamar na damisa, ashe birkin bas ne ya tsaya a gabanta. Har gobe masu sana'ar fim suna kiran wannan dabara da sunan bas ɗin Lewton. Bambancinsa da masu kwaikwayonsa na yanzu shi ne, shi ya ɗauki mintoci yana ɗaure maka ciki kafin ya saki ƙarar, kuma bayan bas ɗin ya iso tsoron bai tafi ba, don ka ga rassan bishiya na motsi a saman katangar.

Mu Hausawa mun ce gani ya kori ji. A wurin Lewton ji ne ya kori gani. Ka nemi The Leopard Man na 1943. Uwa ta aiki 'yarta kanti da dare, yarinyar na roƙo saboda an ce damisa ta kuɓuce a gari. Ta je ta dawo a guje tana dukan ƙofa, uwar ta ɗauka shagwaɓa ce ta ƙi buɗewa. Kyamara ba ta fita waje ba, tana ciki tare da uwar. Da uwar ta gane gaskiya ne, sakata ta ƙi zarewa. Sai shiru. Sai wani siririn abu baƙi ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Shekara ta fi 30 da na fara ganin wannan wuri, kuma zan iya rantsewa na ga abin da ya faru a bayan ƙofar, alhali ba a nuna ba. Zuciyata ce ta zana shi, shi ya sa ya ƙi gogewa.

Amsata ke nan. Mai kuɗi yana nuna maka dodonsa, ka gan shi, ka auna girmansa, ka huta. Marar kuɗi yana tura ka ka ɗauko naka.

Ka fara da Cat People, minti 73 ne kacal. Daga nan I Walked with a Zombie, shi ma 1943. Kada sunan ya kore ka, ba Lewton ya zaɓa ba. A cikinsa akwai tafiyar mata biyu da dare cikin gonar rake, iska na kaɗa ganye, ganguna daga nesa, har su iske wani dogon mutum tsaye a mararraba ko ƙifta ido ba ya yi. Ban san wani wuri a tarihin fim da ya fi wannan kyau da ban tsoro a haɗe ba. Finafinan tsoro 9 Lewton ya yi wa RKO tsakanin 1942 da 1946, ya rasu a 1951 yana da shekara 46.

Mai Kunnen Kiɗa ta amsa:

Kawu, Allah ya ƙara girma. Na yarda da kusan duk abin da ka faɗa, amma akwai inda zan ja, kuma ka gafarce ni.

In da rashin kuɗi ne ke haifar da wannan yanayi, da duk fim mai arha na wancan zamani ya zama abin kallo. Ɗaruruwa aka yi, mafi yawansu ba sa kalluwa. Ga Robot Monster na 1953, da ba su da kuɗin ƙera dodo sai suka sa wa mutum rigar gwaggon biri da hular masu nutso a teku, suka tsayar da shi cikin hasken rana. Talauci ɗaya ne da na su Harvey, amma su ba su ɓoye komai ba. Waɗanda muke yabo yau 'yan tsirarun da suka tsira ne, saura an manta da su. Kuma arhar Lewton daban take da ta Harvey. Lewton yana cikin babban kamfani, ga fitilu, ga ƙwararrun ma'aikata, ga gine-ginen da manyan finafinai suka bari. Matattakalar benen da ke gidan Irena ma ta fim ɗin Welles ce, The Magnificent Ambersons. Harvey kuwa shekaru ya yi yana ɗaukar gajerun finafinai kafin ya taɓa wannan, hannunsa ya riga ya faɗa. Ni a ganina ƙwarewa ce ta haɗu da matsi. Matsin shi kaɗai ba ya yin komai.

Ɗan'uwa mai tambaya, ni aikina haɗa sauti ne, saboda haka bari in gaya maka abin da kunnena ya ji a fim ɗinka. Ka sake kallonsa ka lura da takun Mary. Sautin ba a wurin ɗauka aka naɗe shi ba, daga baya aka ɗora, kuma sau da yawa bai dace daidai da saukar ƙafarta ba. A wani fim wannan aibi ne da za a kore ni daga aiki a kansa. A nan kuwa labarin mace ce da ba ta gama zama cikin duniya ba, to sai takunta ma ya ƙi zama daidai da ƙasa. Ƙwaƙwalwarka tana jin akwai abin da ya goce ko da ba ka gane mene ne ba. Sannan kiɗan duka ogan ne guda, Gene Moore ya kaɗa. Babu goge, babu ganga, babu abin da zai ce maka "yanzu ka ji tsoro, yanzu ka huta". Sautin ogan ba ya mutuwa kamar na fiyano, muddin yatsa na kai yana nan yana gunji, shi ya sa kake jin kamar ba ka samu wurin sauke numfashi ba.

In kana son ka ji abin da sauti ɗaya tak ke yi, ka nemi White Zombie na 1932, wanda Bela Lugosi ya fito a ciki, kwana 11 aka yi ana ɗaukarsa. Wasan 'yan wasan ya tsufa ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Amma akwai wurin injin matse rake, matattu na tura shi suna zagayawa, ba kiɗa, sai kukan katako, ƙiii, ƙiii. Ɗayansu ya faɗa cikin injin, ba wanda ya ɗaga kai, kukan katakon bai ko canza ba.

Abu na ƙarshe. Duk lokacin da aka matsar da kyamara sai an sake jera fitilu, wannan lokaci ne, lokaci kuma kuɗi. Don haka masu ƙaramin jari sukan kafa ta wuri guda su bar hoto ya daɗe. Idonka sai ya samu sarari ya fara yawo, ya leƙa lungu, ya duba taga, ya tambayi kansa ko inuwar can ta motsa. Na yanzu kafin ka gama ganin ɗaki an yanke an kai ka wani. Darakta John Carpenter ya riƙe wannan darasi a Halloween na 1978, da jarin da bai fi dala 325,000 ba: mutum tsaye a bayan shingen furanni da rana, can gefen hoto, kafin ka tabbatar ya ɓace. Kiɗan ma shi ya tsara da kansa, bugu biyar-biyar maimakon huɗu da kunne ya saba, shi ya sa ba ya barin ka ka zauna daidai.

Inuwar Bango ya amsa:

Malam, ba wanda ya ambaci Night of the Living Dead na George Romero, 1968, kuma shi ne ya fi kusa da wanda ka kalla. Su masu shirya tallace-tallacen talabijin ne a garin Pittsburgh, mutum goma suka fara haɗa dala 600 kowanne, a ƙarshe fim ɗin ya ci kimanin dala 114,000. Maƙabartar farkon fim ɗin ta gaske ce, a Evans City, gidan gonar ma na gaske ne. Ka lura da mutumin da ke tafe can nesa tsakanin kaburbura tun ana hira, ba kiɗan gargaɗi, kamar wani mai ziyara. Hoton kuma da ƙura-ƙura kamar labaran talabijin na lokacin, ga sanarwa na ta fitowa daga rediyo, sai ka ji kamar rahoto kake kallo. Duane Jones da ya fito a matsayin Ben, jarumin labarin, ya riƙe fim ɗin gaba ɗaya. Ƙarshensa ba zan faɗa ba, amma kada ka kalla ranar da ranka ke a ɓace.

Gargaɗi ɗaya: da masu rarrabawa suka canza masa suna sun manta ba su sa alamar haƙƙin mallaka ba, shi ya sa kowa ke kwafa, kuma intanet cike take da kwafi marasa kyau. Wasu duhun ya zama toka-toka, wasu an shafa musu kala daga baya. Ka guje su. A irin waɗannan finafinai in baƙin bai yi baƙi ƙirin ba, rabin aikin ya zube. Kamfanin Criterion ya fitar da gyararren kwafi nasa da na Carnival of Souls.

Ɗan Tsakar Dare ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kawu, jiya na kalli Cat People. Duk da ka riga ka faɗa min zancen bas ɗin, sai da gabana ya faɗi. Amma wanda ya fi tsaya min shi ne na wurin ninƙaya, inda Alice ta faɗa cikin ruwa ta tsaya a tsakiya, hasken ruwan na rawa a bango da silin, gurnani na zagaye ta. Na tsayar da fim ɗin sau uku ina neman damisar a cikin inuwar, ban iya cewa ga ta ba, ban kuma iya cewa babu ba. Da aka kunna fitila sai ga Irena tsaye cikin natsuwa, sannan aka miƙo wa Alice rigar wankanta a yayyage.

Yaya Mai Kunnen Kiɗa, na koma kan takun Mary kamar yadda kika ce. Gaskiyarki, bai dace ba, kuma tun da na lura sai abin ya ƙara damuna maimakon ya ragu. Sai dai wannan ya sake jefa ni cikin tunani. In kuskure ne da rashin kayan aiki ya jawo, kuma shi ne ya ƙara wa fim ɗin ƙarfi, ashe maganar Kawu ba ta faɗi ba ke nan? Ƙwarewa ba ta shirya wannan ba.

Mai Kunnen Kiɗa ta amsa:

Gocewar takun wataƙila ba shiri ba ce, na ba ka wannan. Amma cire duk sautin titi a bar takun shi kaɗai, wannan shawara ce da mutum ya zauna ya yanke. Da an bar hayaniyar motoci a kai, da ba ka ma ji gocewar ba.

Kawu Majigi ya amsa:

'Yata, na karɓi gyara a kan Lewton, gatan da ya samu a RKO Harvey bai samu ba. Amma ina nan kan bakana a abu guda: da an ba Harvey miliyan, da ya gina zauren rawa a cikin sutudiyo, ya share, ya fente, da ba mu ga Saltair da ƙurarsa da tsummokaran adon da ke lilo a silin ba.

Ɗana, tunda ka gama Cat People, ka bi da na gonar rake. Bayansa ka nemi The Seventh Victim, shi ma na Lewton, 1943. Akwai wani ɗakin haya a cikinsa da aka buɗe, ba komai sai kujera ɗaya da igiya a rataye a samanta. In ka kai wurin ka dawo ka gaya mana, ina so in ji ko 'yata za ta ce sauti ne ya yi aikin a nan ma.